Likkafar Gulbi da Shekarun Alƙalawa: Sharhi a kan Ƙiyasta Shekarun Kayan Doki

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ƙasar Sabon Birni ko Isa ya san cewa idan ruwa ya janye da kaka, gulbin Rima yakan bar abubuwa a kan yashi. Masunta da masu ɗibar yashi da manoman fadama sukan tsinci tsingaro da tsinin mashi da ƙarafan da tsatsa ta cinye, wani lokaci kuma gutsuren linzami ko likkafa ko ƙaimi. Da zarar an ce kusa da kufan Alƙalawa aka tsinci abin, to an gama yanke masa hukunci: ko dai na zamanin Bawa Jangwarzo ne, ko kuwa na barden Yunfa ne da ya faɗi ranar da aka ci birnin. Wannan magana ta wuce bakin masu tsintuwa, domin na ji ta a bakin malamai, na kuma gan ta a rubuce cikin kundayen ɗalibai.

Manufata a wannan takarda ita ce in auna hujjojin da ake dogara da su wajen yanke wannan hukunci, in nuna inda kowace take da ƙarfi da inda take da rauni. Ra'ayin da zan kare shi ne, abin da aka tsamo a gulbi ba ya zuwa da shekarunsa, kuma ba za a san shekarun ba sai an ɗauko ma'auni daga tudu, wato daga cikin kufai. Na yi wannan rubutu ne musamman domin malaman makaranta da iyayenmu dattawa, saboda su ne ake fara kai wa irin wannan tsintuwa, kuma abin da suka faɗa a kanta shi ke zama tarihi a wurin yara.

Abin da Aka Tabbatar Game da Alƙalawa

Kafin a yi gardama a kan ƙarfe, ya kamata a fara daidaita lissafin birnin. Gobirawa sun zauna Birnin Lalle da Gwararrame kafin su gangaro cikin ƙasar Zamfara. Sarkin Gobir Babari ne ya karya ƙarfin Zamfarawa, ya ci Birnin Zamfara wajen shekarun 1760, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. Masana sun saɓa a kan shekarun sarautar Bawa Jangwarzo, wasu suna cewa 1771 zuwa 1789, wasu kuma 1777 zuwa 1795. Bayansa Yakuba da Nafata da Yunfa suka yi sarauta. A watan Disamba na 1804 aka gwabza a Tsuntsuwa, kusa da birnin, inda jama'ar Shehu Usmanu suka yi babbar asara. A watan Oktoba na 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa.

Idan mai karatu ya yi lissafi, zai ga cewa rayuwar Alƙalawa a matsayin gidan sarautar Gobir ba ta wuce kimanin shekara 50 ba. Gulbin kuwa yana nan tun kafin Babari. Dawakin Zamfarawa sun sha ruwansa ɗaruruwan shekaru. Bayan 1808 ma ba a daina hawa a wannan kwari ba. Clapperton ya ga mahaya masu lifidi a rundunar Sarkin Musulmi Bello lokacin da aka kai wa Gobirawa hari a Konya a 1826. An yi yaƙin Gawakuke a 1836, aka kafa Tsibiri a bayansa, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Barth ya bi ta Sansanin Isa a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, a lokacin da hare-haren Gobirawa suka sa ayari ba ya ratsa dajin Gundumi sai da shiri. Bayan zuwan Turawa a 1903, hakimai da dagatai da fatake sun ci gaba da ƙetare gulbin a kan doki har zuwa lokacin da mota ta yawaita. Saboda haka shekara 50 ɗin Alƙalawa ɗan yanki ne kawai na zamanin da aka yi ana zubar da kayan doki a wannan ruwa.

Hujja ta Farko: Wurin da Aka Tsinta

Hujjar da ta fi yawo ita ce ta wuri, wato tun da a gefen Alƙalawa aka samu, na Alƙalawa ne. Wannan hujja za ta yi aiki a cikin ɗaki, amma ba ta aiki a cikin gulbi.

Masu tonon kayan tarihi suna dogara ne da yadda ƙasa take hawa kan ƙasa. Idan aka gina ɗaki, ya rushe, aka sake gina wani a kansa, abin da ke ƙarƙashin daɓen na biyu ya girmi daɓen. Gulbi kuwa kowace damina sai ya rushe wannan tsari. Yakan zaizaye gaɓa a nan ya zube yashi a can, yakan bar tsohuwar hanyarsa ya yanki sabuwa a cikin fadama. Rima tana karɓar ruwan Bunsuru da Gagare daga ƙasar Zamfara da Katsina, tana kuma karɓar na gulbin Maraɗi daga arewa maso gabas. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010 a jihar Sakkwato sun san abin da ruwa zai iya ɗauka ya kai nesa cikin kwana ɗaya. Ƙarfe mai nauyi ba ya tafiya kamar kara, amma idan gaɓa ta zube, abin da ke sama da wanda ke ƙasa duk wuri ɗaya suke taruwa. Shi ya sa ake iya samun tsingaron tukunyar da ta shekara 500 kwance tare da murfin kwalba.

Akwai wani abu kuma da ake mantawa da shi. Kowace likkafa tana da lokuta uku: ranar da maƙeri ya ƙera ta, tsawon shekarun da aka yi ana hawa da ita, da ranar da ta faɗa ruwa. Kayan doki kayan gado ne. Uba yakan bar wa ɗa, sarki yakan ba bara, wanda ya yi nasara a yaƙi yakan kwashe na wanda aka kayar. Ana iya ƙera likkafa a Birnin Zamfara kafin a haifi Bawa, a yi ganimarta zuwa Alƙalawa, a sake ganimarta a 1808, ta ƙare a mashigin gulbi a zamanin wani hakimi cikin 1930. Wanda ya ce "ta zamanin Bawa ce" bai gaya mana wanne daga cikin lokutan uku yake nufi ba. Ko da an tabbatar a yaƙin Alƙalawa ta faɗi, da sauran tambaya: ta Bagobiri ce, ko ta Ba'azbine mai taimakonsa, ko ta wani daga cikin masu jihadi?

Hujja ta Biyu: Tsatsa da Siffa

Hujja ta biyu ita ce ta ido. Sai ka ji an ce dubi yadda tsatsa ta cinye shi, wannan ai ya daɗe. Manomin fadama ya san raunin wannan magana fiye da kowa. Fartanyar da aka manta a wurin da ruwa ke hawa yana sauka takan lalace cikin 'yan shekaru, alhali ƙarfen da ya nutse cikin laka mai kauri, inda iska ba ta kai gare shi, yakan daɗe da siffarsa. Tsatsa tana ba da labarin irin wurin da ƙarfe ya kwanta ne fiye da tsawon kwanciyarsa.

Siffa ta fi tsatsa amfani, amma da sharaɗi. Mahaya sun san bambancin wangami, wato babbar likkafa mai faɗi da ƙafa ke shiga gaba ɗaya, da ƙananan likkafu irin su kekuwa. Sun san linzami mai zobe da ke kewaye haɓar doki, irin wanda ya zo daga ƙasashen Magrib. Matsalar ita ce maƙeranmu masu riƙon gado ne. Ɗa yakan ƙera yadda ya ga ubansa yana yi, kuma mai saye ma abin da ya saba gani yake nema. Linzamin da ake ƙerawa domin hawan salla a wannan zamani bai yi nisa da wanda matafiyan ƙarni na 19 suka siffanta ba. Siffar da ta shekara 200 ba ta sāke ba, ba za ta iya raba mana zamanin Bawa da zamanin Ɗan Halima ba, sai an sami ƙananan alamun da suka canja, kamar faɗin ramin da ake zura madaurin likkafa, ko irin zanen gefe, ko yadda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe. Gano waɗannan alamu kuwa yana bukatar kayan da aka riga aka san shekarunsu, a jera su a kwatanta.

Hujja ta Uku: Littattafai da Asalin Kalmomi

Malamai sun fi son wannan hujja, domin a rubuce take. Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa an daɗe da ƙananan dawaki ana hawansu ba sirdi ba likkafa, sannan manyan dawaki da cikakken kayan hawa suka bazu daga wajen ƙarni na 13 da na 14 ta hanyar hulɗa da Arewacin Afirka. Kafin shi, Humphrey Fisher ya yi rubutu a kan doki a tsakiyar Sudan a 1972 da 1973. Harshe ma yana goyon bayan wannan ra'ayi. Likkafa daga Larabci take, wato rikab. Linzami daga lijam. Sirdi daga sarj. Lifidi daga libd. Harafin "l" da ke farkon likkafa ragowar "al" ce ta Larabci da ta manne a jikin kalmar, alamar tsohon aro ne da aka yi ta baki.

Ina ganin wannan hujja tana da ƙarfi a wuri ɗaya. Tana sanya mana iyaka ta sama. A duniya baki ɗaya, tsofaffin shaidun likkafa daga ƙasar Sin suke, a ƙarni na 4, kuma an sami likkafu na zahiri a kabarin wani basarake mai suna Feng Sufu wanda ya rasu a 415. Marubutan Larabawa na farko sun danganta fara ƙera likkafar ƙarfe a rundunar Musulmi ga al-Muhallab ɗan Abu Sufra, wanda ya rasu a 702. Mutum-mutumin mahayin tagulla da Thurstan Shaw ya tono a Igbo-Ukwu, a jihar Anambra ta yau, wanda ake kai shekarunsa wajen ƙarni na 9 ko na 10, ba shi da likkafa. To duk wanda ya ce likkafar da ya tsinta a Rima ta shekara dubu biyu, waɗannan shaidu sun isa su ƙaryata shi.

Daga nan kuma ƙarfinta ya ƙare. Sanin cewa likkafa ta shigo ƙasar Hausa wajen ƙarni na 14 ya bar mu da tazarar shekara 600, kuma likkafar da ke hannunmu tana iya faɗawa ko'ina a ciki. Bugu da ƙari, shekarun da ake gani a Tarihin Kano lissafi ne da aka yi da baya-baya daga tsawon sarautar kowane sarki, kamar yadda H. R. Palmer ya buga a fassararsa ta 1908, kuma littafin kansa ya kai har zamanin Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Labarin Kano ne, ba na Gobir ba. Gobirawa sun fi kusa da Azbin, kuma Ibn Battuta, wanda ya je Takedda a 1353, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfen garin. Mai yiwuwa ne hanyar da kayan doki suka bi zuwa Gobir ta bambanta da wadda suka bi zuwa Kano. Ɗauko shekarar Kanajeji a liƙa wa ƙarfen gulbin Rima aro ne da ba shi da madogara.

Hujja ta Huɗu: A Kai Wa Masu Na'ura

Idan gardama ta yi tsawo, sai wani ya ce a kai ɗakin gwaje-gwaje a auna, magana ta ƙare. Ya kamata malamai su san abin da awon zai iya da wanda ba zai iya ba, domin a nan ne aka fi yin zato mai yawa.

Gwajin kabon-14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya dogara ne a kan cewa duk abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in kabon daga iska, idan ya mutu kuma sai wannan kabon ya riƙa raguwa, rabinsa yana ƙarewa a cikin shekara 5,730. Ana auna itace da fata da ƙashi da gawayi. Ana iya auna ƙarfe ma, domin tamar da aka narka da gawayi takan riƙe ɗan kabon daga gawayin. Nikolaas van der Merwe ya wallafa littafi a kan haka a 1969.

Ga inda gizo ke saƙar. Abin da ya shekara 250 bai rasa fiye da kimanin kashi 3 cikin 100 na wannan kabon ba, wanda ya shekara 150 kuma kusan kashi 2. Tazarar kaɗan ce. Sannan yawan kabon-14 a cikin iska ya yi ta hawa da sauka tsakanin wajen 1650 da 1950, saboda sauyin yanayin rana da kuma hayaƙin kwal na masana'antu. Sakamakon haka, idan aka auna abin da ya fito daga waɗannan shekaru 300, na'ura takan ba da amsa biyu ko uku a lokaci ɗaya, alal misali ƙarshen ƙarni na 17, ko ƙarshen na 18, ko farkon na 20, ba tare da ta zaɓi ɗaya ba. Dukkan rayuwar Alƙalawa a tsakiyar wannan tazara ta faɗo. Ke nan gwajin zai iya gaya mana cewa gutsuren itacen sirdi ya girmi 1650, wanda babban labari ne idan an samu, amma ba zai raba Babari da Bawa ba, balle Bawa da Mayaƙi na Tsibiri.

Akwai tarko na biyu. Tun da Abraham Darby ya fara narka tama da gasasshen kwal a Ingila a 1709, ƙarfen Turai ya koma na kwal sannu a hankali, shi kuwa kwal ya daɗe a ƙasa har babu sauran kabon-14 a jikinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kuma tun daga lokacin maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota, narkar tama ta ja baya. Linzamin da aka ƙera da irin wannan ƙarfe a 1940, idan aka auna kabon ɗinsa, zai nuna dubban shekaru. Wanda bai san wannan ba zai fita yana shelar cewa an gano linzamin da ya girmi Bayajida.

Abin da ɗakin gwaje-gwaje ya fi iyawa shi ne ya duba jikin ƙarfen. Ƙarfen da aka narka a tanderun gargajiya yakan riƙe ɗigo-ɗigon kashin maƙera a cikinsa, wanda ake gani da madubin ƙara girma, ƙarfen masana'anta na zamani kuwa sumul yake. Haka nan tagulla. Tsohuwar hanyar haɗa jan ƙarfe da tutiya ba ta kai tutiyar fiye da kashi 28 zuwa 33 cikin 100. Idan aka ga ta zarce haka, to kusan tabbas aikin ƙarni na 19 ne ko bayansa. Idan kuma aka ga alminiyam a cikin haɗin, ba za a kai shi gaban 1886 ba, shekarar da aka gano hanyar samar da shi da araha. Da irin wannan awo aka tantance wasu daga cikin kayan tagullar Benin. Amma a lura da irin amsar da yake bayarwa: yana iya cewa "wannan bai kai zamanin Alƙalawa ba", ya fitar da na baya-bayan nan daga lissafi. Tabbatar da cewa "wannan na Alƙalawa ne" kuwa ya fi ƙarfinsa shi kaɗai.

Yadda Wasu Suka Warware Irin Wannan Matsala

Ba mu kaɗai gulbi ya taɓa ba wa likkafa ba. A Ingila an tsamo likkafun ƙarfe da dama daga kogin Thames da kogin Witham lokacin da ake yashe su, kuma a 1884 an sami wasu tare da ƙaimi da ƙasusuwan doki a kogin Cherwell a birnin Oxford. Su ma sun sha gardama a kan ko mayaƙa ne suka nutse, ko kaburbura ne ruwa ya zaizaye, ko kuwa da gangan aka jefa. Seaby da Woodfield, a nazarinsu na 1980, sun sanya yawancin waɗannan likkafu a ƙarni na 10 da na 11. Abin lura shi ne yadda aka kai ga wannan lissafi. An kwatanta su ne da irinsu da aka tono a kaburburan mahaya a Denmark da maƙwabtanta, inda likkafa take kwance tare da wasu kayan da aka san zamaninsu. Shekarun daga tudu suka fito, aka kai wa na ruwa.

A nan gida ma muna da misali. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda Palmer ya fara tonawa a 1907 aka sake tonawa a 1992, sun ba da kayan da aka iya sanya su tsakanin wajen ƙarni na 13 da na 16. An iya yin haka ne saboda an same su a inda aka binne su, an rubuta me ke kusa da me. Da ruwa ne ya watso waɗannan kaya a kan yashi, da yau ana ta cacar baki a kansu.

Tsanin da Gobir Take da Shi

A nan ne nake ganin darajar Alƙalawa ta fito. Gajartar rayuwarta, wadda ta raunana hujjar masu cewa komai na Bawa ne, ita ce kuma ta mai da ita ma'auni mai tsada. Birni ne da aka san farkon sarautarsa, aka san watan da ya faɗi. Duk linzami ko likkafar da aka tono a ƙarƙashin rusasshen gini na cikin ganuwa, a wurin da ba a taɓa ba tun 1808, an san ba ta ƙasa da wannan shekara a tsufa. Abin da kabon-14 ya kasa yi, tarihin birnin ya yi shi. Sai dai dole mai tono ya bambance ƙasar zamanin sarauta da ta zaman Zamfarawa da ke ƙarƙashinta, da kuma ta manoman da suka zo daga baya a samanta.

Daɗin daɗawa, yawan ƙaurar Gobirawa ya bar mana tsani mai matakai. Birnin Lalle da Gwararrame suna wakiltar zamanin da ya gabaci Babari, Alƙalawa tana wakiltar rabin ƙarshe na ƙarni na 18, Tsibiri daga 1836, Sabon Birni kuma bayanta. A gefe ga Surame ta Kanta, wadda aka bari a farkon ƙarni na 18, ga Birnin Gazargamu na Barno, wanda aka fara ci a 1808 kamar Alƙalawa. Idan aka sami kayan doki daga kowane mataki aka jera, za a ga abin da ya sāke da wanda bai sāke ba, daga nan ne likkafar gulbi za ta sami wurin tsayawa. Rabin wannan tsani yana Nijeriya, rabi yana Nijar, don haka aikin na masanan ƙasashen biyu ne.

Mataki na ƙarshe na tsanin yana hannun dattawa. A gidajen sarauta da gidajen shamakai da na sarakunan maƙera akwai sirada da likkafu da aka san salsalarsu: wane ya gada daga wane, wane maƙeri ya ƙera, a wane hawa aka fara ɗaura ta. Likkafar da aka san ta kakan kakan mai gida ce ta fi goma da aka tsinta a yashi amfani ga mai bincike. Wannan ilimi a ka yake, kuma duk dattijon da ya rasu ba a rubuta nasa ba, an yi asarar mataki guda.

Shawara ga Malamai da Dattawa

Rashin tsaron da ya addabi ƙasar Sabon Birni da Isa tun wajen 2020 ya sa aikin tono ya yi wuya, amma akwai abin da kowa zai iya yi daga inda yake. Idan aka kawo tsintuwa, a rubuta ranar da aka same ta, da sunan mashigin ko fadamar, da ko a kan yashi take ko a cikin gaɓa, da zurfin wurin, da abin da aka gani tare da ita, ko da tsingaro ne ko ƙashi. A ɗauki hoto da waya, a ajiye ma'aunin tsawo a gefe. Kada a goge ta da yashi ko toka ko lemun tsami, kada a shafa mata mai, domin a cikin tsatsar nan ne ragowar fata da zare da zane suke ɓoye. A bar ta ta bushe a inuwa, a sanar da mai gari da hukumar tarihi. A kuma tuna cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi ba bisa izini ba, ta kuma hana fitar da su waje. Dillalin da ya zo yana cewa na Bawa ne, farashi yake nema, kuma sunan Bawa shi ke ɗaga farashin.

A aji kuwa, ina roƙon malamai su koya wa yara bambancin jimloli biyu. Ta farko: "An tsinci wannan likkafa a gulbin Rima kusa da Alƙalawa." Ta biyu: "Wannan likkafar Alƙalawa ce." Ta farko shaida ce, ta biyu hukunci ne, kuma tsakaninsu akwai aikin da ba a yi ba tukuna. Yaron da ya gane wannan bambanci ya koyi darasin da zai yi masa amfani a kowane fanni na tarihi.

Kammalawa

Na bi hujjoji huɗu ɗaya bayan ɗaya. Wurin tsintuwa bai isa shaida ba, domin gulbi yana cakuɗa zamani da zamani. Tsatsa ba ta ƙirga shekara, siffa kuma tana jiran abin kwatance. Littattafai da asalin kalmomi sun ba mu iyakar ƙarni na 14 suka tsaya nan. Na'ura tana iya fitar da sabon ƙarfe daga lissafi, amma ta yi rauni daidai a shekarun da Alƙalawa ta rayu. Wannan bai rage wa Bawa Jangwarzo komai ba. Littafin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda abokin gabar Gobir ne a fagen fama, ya isa shaida a kan ƙarfin dawakinta da 'yan lifidinta, ba ta bukatar a ara mata ƙarfen da ba a tabbatar ba. Abin da take bukata shi ne a tsare kufanta daga masu haƙa ba tsari, a rubuta salsalar kayan da ke gidajen sarauta tun masu sani suna raye, a kuma adana abin da gulbi ya bayar tare da bayanin inda ya bayar da shi, har ranar da za a sami abin da za a auna shi da shi.